Damin da Na Yafe

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gona a karkarar Guna, ni da ƙanwata. Tun yana raye ya ba wani maƙwabcinsa aronta, domin ni na taho Damagaram neman ilimi, ita kuma aure ya kai ta Takieta. Al'adar wurin ita ce, wanda ya ari gona, idan kaka ta yi sai ya kai wa mai ita damin gero guda, da rana, a kan idon jama'a. Damin ba haya ba ne. Shaida ce cewa ƙasar tana da mai ita.

Wata shekara da ruwa ya ɗauke da wuri, dattijon da ya ari gonar ya iso zaurena a Birni, shi da babban ɗansa, da dami a bayan jaki, zangarniyoyin ba su fi yatsa ba. Kunya ta kama ni. Na ce, "Baba, mayar wa iyalinka. Daga yau na yafe."

Ya ce, "Malam, karɓi ko zangarniya guda ce, saboda gobe."

Na ce masa gobe ta Allah ce. A zatona sadaka na yi. Na karanta babin aro da babin shaida, na kuma karantar da su, amma wannan manomi ya fi ni sanin abin da damin yake tsarewa.

Shekaru suka shuɗe, dattijon ya rasu. Mijin ƙanwata shi ma ya rasu, ta dawo da marayu huɗu, ba ta da abin dogaro sai gonar. Da muka nema, ɗan dattijon ya ce gadon ubansa ce. Muka je gaban mai gari, muka je gaban sarki, sulhu ya ƙi, magana ta kai jastis, wato kotu. Damina biyu ta wuce muna zaman benci daga hantsi zuwa azahar, ana ɗage mana rana.

Ranar da aka saurare mu, alƙali ya tambaya ta bakin tafinta ko ina da takarda. Babu. Shaidu fa? Waɗanda suka ga ana kai damin duk suna cikin kushewa, masu rai kuwa sun ga kaka bayan kaka ba a kai komai ba. Cikin dattawan da ke taya alƙali zama akwai wanda ya ɗauki karatu a zaurena. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, kai ka koya mana: hujja a kan mai da'awa take, rantsuwa a kan wanda ya musa."

Aka ɗauko Alƙur'ani, ɗan dattijon ya fita ya yi alwala. Na dube shi yana dawowa, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Shi ya sauke damin nan daga kan jaki, shi ya mayar da shi. Na san abin da rantsuwar ƙarya take yi wa mai ita, duniya da lahira. Kafin ya miƙa hannu na ce, "Kada ka taɓa. Na janye."

A bakin ƙofa ƙanwata ta gyara mayafinta, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya, sau biyu ke nan kana kyauta da abin da ba naka kaɗai ba. Ka tsirar da shi daga wuta. 'Ya'yana fa, wa zai tsirar da su daga yunwa?"

Ni da ake kira rabon gado unguwa-unguwa, na manta sulusin gonar nata ne, ban kuwa nemi izininta ba, ko a farko ko a ƙarshe.

Yau tana surfe a gidajen mutane. Tana gaishe ni da ladabi kowace safiya, amma ba ta ƙara zama a zaurena ba. Na roƙi gafarar Ubangiji sau ba adadi. Tata ce har yanzu na kasa buɗe baki in roƙa.