Ragowar Akushin Lahadi

Shekarata ta biyu a lakol, makarantar boko ta Gidan Rumji, ita ce shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu. An koya mana sabuwar waƙa, mun yi jerin gwano har ƙofar sarki, an ba kowane yaro alewa biyu. Na sha ɗaya, na naɗe ɗaya a takarda na ɓoye, tururuwa suka riga ni. Abin da bai canza ba shi ne halin kukun kantin, mai dafa mana abinci. Ran Asabar da azahar, da ya kwashe tuwon rana sai ya zuba wa murhu ruwa, ya kulle ɗakin hatsi, ya hau jakinsa ya nufi ƙauyensu. Ba ma sake ganin hayaƙi sai hantsin Litinin.

Yaran gari ba ruwansu, gida suke tafiya. Na ƙauyukan kusa ma sukan kama hanya kafin la'asar. Mu tara ne muke saura, waɗanda aka ɗebo daga can wajen Sae Sabuwa da gaba da nan, inda zuwa da dawowa a ƙasa zai cinye hutun duka. Iyayenmu manoma ne, amma kakannin yawancinmu makiyaya ne da suka zauna, kuma da kunyarsu aka raine mu. Yaro ba ya cewa yana jin yunwa. Mukan bazu cikin daji neman magarya da aduwa, ko mu je inda ake awon gyaɗa mu tsinci abin da ya zube a rairayi.

A nan wata tsohuwa mai daddawa ta gan mu. Dangarta tana jingine da ta lakol, don haka ta san fuskokinmu. Ta tsaya da tallanta a ka tana kallonmu, sannan ta wuce. Daga baya muka ji cewa gida-gida ta bi. Ta samu mata a bakin rijiya, ta same su a gidan suna, ta ce musu gari guda yana da baƙi tara masu kwana da yunwa kwana biyu a kowane mako, kuma abin kunyar na gari ne. Suka shirya abin a tsakaninsu. Kowane mako gida huɗu za su kawo hatsi, wata ta ba da kuka, wata gishiri, matar mahauci ta aiko da ƙashi in an samu. Girki kuwa a gidan Inna mai daddawa, tuwo daren Asabar da daren Lahadi, fura da rana.

Mushe, malaminmu, ya ce ni zan riƙa ɗauko akushin in mayar. Dalilinsa shi ne ban taɓa zubar da tawada ba, ban taɓa ɓatar da bakin alƙalami ba, kuma kayena, littafin rubutuna, ba shi da kunne ko ɗaya a lanƙwashe. Bai yi tunanin cewa aikin yana buƙatar baki ba. Ni kuwa a lokacin, in babba ya kalle ni sai in nemi yatsun ƙafata.

Akushin babba ne, baƙi, ya taɓa tsagewa an ɗinke shi da waya daga ciki. Asabar ta farko tuwon ya rufe ɗinkin, ya haura da yatsa huɗu. Na auna, domin haka nake, komai sai na auna. Muka kewaye shi a inuwar itacen bedi kafin magariba, miyar kuka tana ƙamshin daddawar da ba a yi mata rowa ba. Muna cikin ci, babbanmu ya ɗaga hannu. Shi ne ya fi mu shekaru da tsawo, har gashin baki ya fara yi masa alama, kuma maganarsa ce doka in mushe ba ya nan. Ya shata layi da yatsa a gefen tuwon, ya ce wannan ɓangaren ba mai taɓa shi. Akushin baƙo ba a suɗe shi. In ya koma fayau, za a ce ɗiyan ƙauye ba su taɓa ganin tuwo ba, a zagi iyayenmu. Babu wanda ya yi gardama, domin haka aka koya wa kowannenmu a gida. Na rufe ragowar da faifai na mayar.

Inna ta buɗe faifan, ta duba, ta gyaɗa kai. Na ce an gode, na fita da sauri.

Mako na biyu tuwon ya haura ɗinkin da yatsa uku. Na ɗauka kuskure ne. Babbanmu ya shata layinsa, na mayar da ragowa. Mako na huɗu yatsa ɗaya ya rage. Furar ma ta fara yin tsalala, har kana ganin ludayi a ƙasan ƙwarya. Da aka shiga bazara, ɗinkin wayar ya fito fili yana kallonmu. Duk da haka layin nan bai fasa ba, sai dai ɓangarenmu ne ke raguwa.

Ni kaɗai na san dalili, saboda ni ke tsayawa a tsakar gidan Inna. A gari, yaro ba shi da kunyar abinci. Jikokinta in sun ci tuwo har akushin suke kifawa a fuska. Don haka duk ragowar da ta gani, sai ta ɗauka mun ƙoshi har mun gaji. Hatsin kuma na mutane ne, rumbuna sun fara yin ƙasa, ba ta so a ce ta karɓi abin da ya fi buƙata. A gabana take gaya wa matan da suka kawo nasu cewa su rage, yaran nan cikinsu kamar na tsuntsu. Ragowar kuma sai ta juye wa akuyarta, wata ja mai farin goshi, wadda ta soma sheƙi tana tafiya da ƙyar. Har ta gane ni. Da na shigo da akushi sai ta taso ta tare ni tun daga zaure.

Na gaya wa babbanmu. Ya ce to sai me, in je in ce musu mu mayunwata ne? Ya fi son ya ci magarya har hutun damina. Na yi tunanin gaya wa mushe, amma a lakol an hana Hausa, kuma ban san yadda ake faɗin irin wannan magana da Faransanci ba tare da ta zama ƙara ba.

Da mu manya ne kawai, da mun jure. Amma akwai ƙaraminmu, ɗan ƙanwar mahaifiyata, wanda aka kawo a shekarar. Ranar da aka taho da shi uwarsa ta damƙa mini hannunsa a bakin gari. Ni nake koya masa haɗa baƙaƙe a ƙasa da tsinke, kuma kansa yana ja. Sai ya fara barci a aji ran Litinin, mushe yana sa shi durƙuso. Wata Lahadi ya raɗa mini cewa in Asabar ta zo zai bi masu jakuna ya gudu gida. Na san abin da ke biyo bayan gudu. Dogari zai je har ƙauye, a kira ubansa gaban sarki, a dawo da shi a ɗaure a bayan doki, ko kuma a ɓoye shi a rugar dangi ya rabu da karatu ke nan. Na roƙe shi ya ba ni mako ɗaya.

Sau biyu na shirya maganar a hanya, sau biyu ina isa gaban Inna ta narke, na ce an gode na juyo. Sai na yi abin da na iya. Na yage takarda daga tsakiyar kayena, abin da ban taɓa yi ba, na rubuta maganar da Hausa cikin baƙaƙen lakol. Na gyara ta sau uku, na ja layi da rula a ƙarƙashi.

Safiyar Lahadi na mayar da akushin daren Asabar. Mata uku suna tsakar gida suna sussuka, Inna tana tsince kalwa. Ta buɗe faifai, ta ga ragowa, ta juya ga matar mahauci ta ce mako mai zuwa gida uku ma sun isa. Akuya ta matso. Na ajiye akushin, na haɗa ƙafafuna kamar a gaban allo, na zaro takardar na karanta da muryar karatu, da ƙarfi, ina tsayawa a kowane ɗigo.

"Inna, ku yi haƙuri. Ba ƙoshi muke yi ba. A garinmu ba a cinye abincin baƙo. Kunya ce muke ragewa. Ƙanena yana so ya gudu."

Taɓarya ta tsaya. Inna ta dube ni, ta dubi akushin, ta dubi akuyar. Matar mahauci ce ta fara fashewa da dariya, har ta zauna a kan turmi.

"Wato wata uku ke nan gari guda yana yi wa akuyarki turke," in ji ta.

Inna ba ta yi dariya ba tukuna. Ta tambaye ni wane ne mai wannan doka. Na nemi yatsun ƙafata. Ta ce ba sai na faɗa ba, dogon nan ne mai tafiya kamar an ba shi sarauta. Ta karɓi takardar, ta jujjuya ta duk da ba ta karatu, ta cusa a lalitarta, ta ce in tafi, yau ba ni zan ɗauki tuwo ba.

Da la'asar sai ga ta da kanta, akushi a ka, wata yarinya a bayanta da ƙwaryar miya. Tuwon ya cika har faifan ba ya zama. Ta sauke a inuwar bedin, ta zauna a kan saiwa, ta nuna babbanmu da ludayi.

"Kai, maigidana, matso nan. An ce kai ne ke mayar mini da tuwo. Don na tsufa, haƙora sun zube, shi ya sa ka raina girkina? Ko ka yi wata budurwa a kasuwa?"

Muka kwashe da dariya. Babbanmu ya sunkuyar da kai, kunnuwansa kamar za su kama wuta. Kowa ya san abin da ta yi. Tsohuwar da ta kira yaro mijinta ta mai da kanta kakarsa, kuma tsakanin kaka da jika babu kunya, sai tsokana. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowa da laifinsa. Ni ta ce miji ne mai aiko wa matarsa takarda alhali yana tsaye a gabanta. Ƙanena kuwa ta ɗora shi kusa da ita, ta ce shi ne angon, in ya gudu ya bar ta har ƙauyensu za ta bi shi da sanda.

Babbanmu ya yi ta maza, ya ce da murya ƙasa-ƙasa ai shi ba ya son mata mai yawan gishiri a miya. Ta kai masa ludayi, ya kauce. Daga nan ya sa hannu a akushi. Na zuba wa yatsansa ido ina jira ya shata layi. Bai shata ba. Muka ci har ɗinkin ya fito, muka wuce shi, ƙanena ya ɗauki akushin ya kifa a fuskarsa, muka ji yana yi wa wayar suɗi.

Asabar ta zo, masu jakuna suka wuce, ƙanena yana zaune yana rubuta sunan kakarsa sabuwa a ƙasa da tsinke. Mun ci tuwon matan nan har muka gama lakol. Wasu gidajen suka shiga, wasu suka fita, wata shekarar har da wake.

Akuyar ce ba ta yafe mini ba. Litinin ta farko da na mayar da akushi wankakke, ta taso kamar kullum, ta sa hanci ƙarƙashin faifai, ta ɗago ta dube ni. Ina juyawa ta kai mini karo a baya, na faɗi a bakin zaure. Inna tana dariya tana cewa in yi sauri in rubuta wa akuyar takarda.