Matar Yayanmu da Ta Riƙe Mana Baba da Inna

Kafin kowa ya motsa a gidanmu, matar yayana ta riga ta ɗora tukunyar ruwan wankan Inna a wuta. Yayin da ruwan ke ɗumi, sai ta buɗe wa kaji, ta zuba wa awaki dusa, ta leƙa 'yar gonar bayan gida ta ga ko an kwana lafiya da tumatir. Sannan ta wanke hannuwanta, ta ɗauki na'urar gwajin sukari, ta yi sallama a ƙofar ɗakin mahaifiyarmu. Inna ta miƙa yatsa tana mitar an ƙarar mata da jini, ita kuwa tana lallashinta da cewa yatsu goma Allah Ya ba ta, ɗaya kawai ake aro. Daga nan sai allura, wanka, shafa mai, karin kumallo, wankin zannuwan gado. Rana na take kafin ta tuna ita ba ta sa komai a bakinta ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana wannan hidima. Mu a gida Anti muke ce mata, mutanen unguwa kuwa Mai Keke, domin tela ce, kuma ta iya ɗinki. Tana da shago a bakin titi lokacin da Baba ya faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya karye. Yaya direban babbar mota ne, sai ya yi mako biyu bai kwana a gida ba. Mu ƙannensa uku kowa na can inda aiki ko aure ya kai shi. Mun zo, mun yi kuka a asibiti, mun koma. Ita kuwa ta rufe shagonta, ta sa aka ɗauko keken ɗinkinta aka ajiye a baranda, daidai tagar Baba, yadda ko tari ya yi za ta ji.

Da farko Baba ya ƙi. Mutum ne mai kunya da son girma, bai ga yadda surukarsa za ta riƙa ba shi abinci a baki ba. Kwana biyu yana kawar da kai duk lokacin da ta kawo cokali. Yaya ne ya ba ni labarin abin da ya faru a rana ta uku. Ya ce ta ajiye kwanon, ta durƙusa a gaban gadon, ta ce, "Baba, ranar da na shigo gidan nan ka ce wa mahaifina 'ya ka samu, ba suruka ba. Ashe wasa kake yi?" Baba ya kalle ta, hawaye na bin kuncinsa, sannan ya buɗe baki.

Shekara bakwai ya yi a kwance. Ta koyi yadda ake juya shi duk bayan awa biyu, da yadda ake gyara shi a ƙarƙashin mayafi ba tare da an keta masa mutunci ba. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba shi ta taɓa gaya mini cewa a duk gidajen da take shiga, shi kaɗai ne ya kwanta tsawon haka bayansa bai yi ko ƙurji ba. Maganarsa ma ita kaɗai ke ganewa. In mun kira waya, shi yana gunaguni, ita tana fassara mana, har da faɗan da yake mana na rashin zuwa, ko da yake daga baya na gano rage shi take yi. A hannunta ya cika, wata ranar Laraba da hantsi. Allah Ya jiƙansa.

Ba ta huta ba. Watanni kaɗan bayan haka Inna, wadda dama ke fama da ciwon sukari, ta taka ƙusa a garken awaki, ta ɓoye har ƙafar ta kumbura ta fara wari. Likita ya ce in ba a ga sauƙi cikin mako biyu ba, sai an yanke daga gwiwa. Mu 'ya'yanta muka yi shawara ta waya, muka ce a yi abin da likita ya gani. Anti ce ta roƙe shi ya nuna mata yadda ake wanke ciwon da naɗe shi, ta yi alkawarin kawo Inna duk mako, kuma ranar da ya ce a yanke ba za ta yi musu ba. Safe da yamma take wanke ƙafar nan, Inna na ihu tana kiranta marar tausayi. Wata biyar aka yi. Ƙaramin yatsa ɗaya kawai aka cire. Yau Inna na takawa da sanda har bakin ƙofa, tana ce wa maƙwabta ai dama wancan yatsan bai taɓa yi mata wani amfani ba.

Dole in faɗi nawa laifin, don jinjinar da ba gaskiya a cikinta ba ta da daraja. Shekara biyu da suka wuce na zo hutu, na tarar Inna ta rame. Ta jawo ni gefe ta ce da yunwa ake horar da ita, an ɓoye mata sukari, an hana ta gishiri. Raina ya ɓaci, na fito tsakar gida na yi wa Anti maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gama shanya, ta tambaye ni kwana nawa zan yi, na ce uku.

"To, Malam," in ji ta, "ka riƙe mini ita na kwana ukun. Ni ma ina da uwa, rabon da in kwana a gabanta na manta."

Ta rubuta mini lokutan magani a takarda ta tafi. Kafin la'asar ɗin rana ta biyu na kira ta sau shida. Na ba Inna sukarin da ta roƙa, lambar na'urar gwaji ta haura sama. Na kasa ɗaga ta daga banɗaki sai da na kira maƙwabciya. Awaki suka shiga gona suka cinye rabin alayyafo. Da Anti ta dawo na ba ta haƙuri, sai ta ce ba komai, ai ɗa ne ya ji wa uwarsa zafi. Abin da ya dame ta kawai shi ne alayyafon.

Anti, ke ce kika tsaya inda mu da aka haifa muka kasa tsayawa. Ke ce kika san abin da ake nufi in Inna ta yi shiru, da abin da ake nufi in ta cika surutu. Bukukuwa nawa na danginki kika aika da uzuri, ɗinki nawa kika mayar wa masu shi don ba lokaci, ba ki taɓa ƙirga mana ba. Mu muna aiko da gaisuwa, ke kina aikin. Uwar marasa ƙarfi, ba mu da bakin gode miki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a watan jiya bayanta ya riƙe tana ɗaga Inna daga gado. Likita ya ce ƙashin bayan ya gaji, kada ta ƙara ɗaukar abin da ya fi rabin bokitin ruwa nauyi. Sai a lokacin muka zauna muka yi abin da ya kamata mu yi tun tuni. Yaya ya bar doguwar hanya ya koma tuƙin cikin gari. Ƙanwarmu ta dawo kusa da gida, ni da ɗan'uwana kuma muna karɓa-karɓa duk ƙarshen mako. Ranar farko Anti ta kasa zama, tana tsaye a bakin ƙofa tana gyara mana yadda ake tallafe kafaɗa, sai da Inna ta kore ta.

"Tafi ki kwanta, 'yar nan," in ji Inna. "Bar su su ji abin da kika ji. Su na haifa, amma ke ce kika raine ni."

Mun gode, Anti. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa 'ya'yanki su yi miki fiye da abin da kika yi wa iyayenmu, Ya haɗa ki da Baba a Aljanna.

Kai kuma mai karatu, in akwai tsoho ko majinyaci a gidanku, to akwai wani da ke ɗauke da shi, kuma mai yiwuwa ba ka taɓa tambayarsa ya jikinsa ba. Kada ka jira sai bayansa ya riƙe kamar yadda muka jira. Ka je da ƙafarka, ka naɗe hannun riga, ka ce masa ya zauna, yau kai ne a bakin aiki.