Ƙwallo Ɗaya, Ni da Alhaji

Maigidana Alhaji ya fi shekara ashirin yana buga golf kafin in taɓa riƙe sandar. Duk Asabar da ya dawo daga masallaci sai ya sha shayi a tsaye, ya jefa jakar sandunansa a but ɗin mota, ya fice. Daga gidanmu a Nassarawa GRA zuwa filin ba nisa, amma ban taɓa sha'awar leƙawa ba. Ni malamar lissafi ce a sakandare, Asabar ɗina ta duba takardun ɗalibai ce.

Da na yi ritaya, likita ta ce jinina yana hawa, dole in riƙa tafiya a ƙasa. Na yi sati biyu ina zagaya layinmu, daga ƙofar gida zuwa kwana in dawo, masu gadi suna ta gaishe ni sau huɗu-huɗu. Na gaji. Alhaji ya ce, "To ki biyo ni fili mana, Hajiya. Ba sai kin buga ba, tafiyar kawai."

Tafiyar kawai na yi wata guda. Ranar da na karɓi sanda don in gwada, ƙasa na sara, ƙwallon yana zaune bai motsa ba. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, kuma haushin nan ne ya dawo da ni washegari. Na sa tela ya ɗinka mini dogayen riguna masu sakin hammata, na koyi ɗaure mayafi yadda ba zai kama mini hannu ba.

Filinmu na Kano busasshe ne in ba damina ba. Ƙasa tauri gare ta kamar daɓe, ko bugu bai yi ƙarfi ba ƙwallo zai yi ta gangarawa. Kewayen kowane rami kuma ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka cuɗa da baƙin mai, ana share shi da katako kafin mutum ya tura ƙwallo. Akwai wani dattijo mutumin Jigawa da ke gyaran yashin nan, Baba muke ce masa. Shi ya lura ina ƙoƙarin kwaikwayon Alhaji, ina ɗaga ƙwallo sama da ƙarfin da ba ni da shi.

"Hajiya," ya ce, "ki bar sama ga masu ƙwanji. Ki duba inda kike so ki tsaya a bugu na gaba, ki kai shi nan. Shi ke nan."

Haka na zama mai gajeren bugu, amma miƙaƙƙe. Alhaji kuwa in ya saki hannu har mutanen wani rami sai sun juyo, sai dai rabin lokaci a ƙarƙashin darbejiya ake tsinto ƙwallonsa.

A shekarata ta huɗu da farawa, babban ɗanmu ya kama mana ɗaki a wani otal na hutawa a kudu, mai filin golf a bakin ruwa. Ya ce mu je mu huta kwana huɗu. Sai da muka isa muka tarar ana shirin gasar ma'aurata: miji da mata ƙwallo ɗaya, ya buga ta buga, har a gama ramuka goma sha takwas. Waɗanda suka fi ƙarancin bugu su ne suka ci. Alhaji bai ko dube ni ba ya rubuta sunanmu.

Damina ce. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Ciyawa shimfiɗe kamar darduma, tafkuna nan da can, ga kwaruruka cike da farin yashi an zagaye ramukan da su. Na tsaya ina kallo, na ce a raina ashe haka abin yake a wajen wasu.

Ranar gwaji muka sha kunya. Na yi buguna na kullum, ƙasa-ƙasa, ina jiran ƙwallo ya gangara. Ya faɗi, ya lafe a jiƙaƙƙiyar ciyawa, ko taku uku bai ƙara ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon buguna ashe ƙasar Kano ce ke ba ni kyauta. A kewayen rami kuwa akasin haka ne. Na saba tura ƙwallo da ƙarfi a kan yashi, nan ciyawa ce an aske ta ƙwal, da na taɓa sai ya wuce ramin ya yi gaba abinsa. Alhaji ya zuba ƙwallo biyar a ruwa kafin azahar. Matar da ke ɗaukar mana jaka, wata mai yawan fara'a, tun tana cewa "sannu" har ta gaji ta daina.

Muka zauna cin abincin rana. Alhaji ya ce iska ce. Na ce to.

Bayan la'asar ya kwanta, ni kuma na ɗauki littafi da biro na nemi mai jakar ta raka ni. Muka bi filin tun daga ramin farko, ba sanda ba ƙwallo. Ina auna taku: daga wurin farawa zuwa bakin ruwa nawa, faɗin ruwan nawa, ta wane gefe ƙasa ta karkata. Ina tambaya tana ba ni amsa. Ta ce da safe raɓa na rage wa ƙwallo gudu, da rana ta ɗaga sai ya koma santsi. Ta ce iska daga tafki take tasowa wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Duk na rubuta.

Da na zauna na duba abin da na rubuta, sai na ga wani abu. A dokar gasar, mutum ɗaya ne zai fara bugu a rami na ɗaya, na uku, na biyar, haka har ƙarshe, ɗayan kuma ya fara a na biyu, na huɗu, na shida. Ramukan da ruwa ke gaban wurin farawa kusan duk a layin farko suke. In Alhaji ya ɗauki waɗannan, ƙarfinsa zai tsallake da mu. Ni kuma in fara a sauran, inda hanya siririya ce tsakanin itatuwa, wurin da ake buƙatar miƙaƙƙen bugu.

Na kai masa bayan magariba. Ya sa tabarau ya karanta shafi biyu.

"Wannan ai jarrabawa kika shirya mini."

"Sharaɗi ɗaya ne, Alhaji. Babbar sandar nan taka, sau biyar kawai za ta fito daga jaka. Na sa alama a wuraren."

"Sau biyar? Hajiya, shekara nawa ina wasan nan?"

"Da yawa. Ƙwallo nawa suka rage mana?"

Ya cire tabarau ya dube ni, sai ya fashe da dariya. "Allah ya shirye ki. To, na ji."

Da safe aka haɗa mu da wasu ma'aurata 'yan Legas, ba su wuce sa'o'in ɗanmu ba. Mutanen kirki, mijin har da rusunawa ya gaishe mu, matar tana ce mini Mama. Da suka fara bugu na gane da gaske suka zo. Shi yana aika ƙwallo kamar harsashi, ita ma ba baya ba.

Mu kuwa muka bi littafi. Alhaji ya tsallake ruwan ramin farko lafiya, na matsar da ƙwallon gaba kaɗan zuwa inda na auna, ya ɗora shi kusa da tutar da ke kafe a ramin, na tura a hankali kamar mai taɓa ƙwai. Bai shiga ba, amma ya tsaya a baki. Haka muka yi ta tafiya, ba abin burgewa, ba kuma ɓarna. A rami na bakwai na ga hannun Alhaji ya nufi babbar sanda. Na yi gyaran murya. Ya ce, "Gyara mata zama nake yi," ya zaro ƙaramar.

Yaran nan sun riga mu a farko. Amma a rami na tara mijin ya nemi yanke kwana ta saman itatuwa, ƙwallo ya faɗa daji. A na goma sha biyu matar ta shiga kwarin yashi, ruwan daren jiya ya daskarar da shi, sai da suka yi bugu uku kafin su fita. Muna isa na goma sha biyar mai jakarmu ta raɗa mini cewa mun yi kunnen doki da su, kuma ta ji ana cewa ba ma'aurata da yawa ne suka fi mu ba.

Rami na goma sha shida shi ne mafi tsawo. Hanya ce doguwa, sannan tafki ya gitta gab da kewayen ramin. Na fara, ƙwallo ya sauka tsakiya. Muka isa wurinsa, bugun Alhaji ne. Iskar da aka faɗa mini ta taso, tana bugun fuskarmu, har an fara yayyafi.

Ya tsaya da babbar sanda a hannu yana hangen tuta can ƙetaren ruwa. Na san wannan tsayuwar.

"Zan iya kai shi," ya ce.

"Jiya ba iska ka gwada daga nan."

"Jiya ban san filin ba."

"Alhaji, taku ɗari biyu da goma ne, ga iska a gaba. Ka ajiye shi a bakin ruwa."

Ya juyo. Ba faɗa a muryarsa. "In na ajiye shi a baki, kin san wa zai tsallake da shi?"

Na sani. Na rubuta da hannuna, amma a takarda abin lamba ce kawai. Yanzu ga ruwan a gabana, yana ta ƙyalli yana motsi. A Kano ba ni da ruwan da zan tsallake. Shekara huɗu ina gangara ƙwallo a ƙasa, ban taɓa ɗaga shi sama da gangan ya yi nisa ba.

"Taku sittin ne," na ce. "Ka kai ni baki sosai, zan iya."

Ya dube ni. Sannan ya mayar da babbar sanda, ya zaro ƙarama, ya yi wani bugu mai taushi da ban san ya iya ba. Ƙwallo ya tsaya taku biyar kafin ruwa, a wuri mai laushi, daidai.

Mijin nan ɗan Legas ya gwada tsallakewa daga nesa. Iska ta riƙe ƙwallon a sama, ta sake shi tsakiyar tafki. Ban ji daɗi ba, don na ga abin da ke jirana.

Na tsaya a kan ƙwallon. Na saki sanda na goge tafin hannuna a riga. Mai jakar ta miƙo mini wata sandar, wadda ta fi wadda na zaɓa tsawon zango. "Saboda iska, Mama." Na karɓa. Alhaji ya koma bayana inda ba zan gan shi ba. Na ce bismillah, na kafe ido a bayan ƙwallon, na ƙi duban ruwa, na saki hannu.

Sautin kawai na ji na san ya fita da kyau. Da na ɗago yana sama, iska tana tura shi baya, yana ta saukowa. Ya faɗi a kan gangaren ƙetare, taku biyu da ruwa, ya yi tsalle ɗaya ya hau kan askakkiyar ciyawar, ya tsaya.

"Allahu akbar!" Alhaji ne, da muryar da har wasu ma'aikata can nesa suka miƙe. Matar Legas ta ruga ta rungume ni tana tsalle, ta manta nasu ƙwallon yana ƙasan tafki. Ni dai na dogara da sanda ina kallon ƙwallon.

Alhaji ya tura ƙwallon ya tsaya dab da rami, na ƙarasa shi. Ramuka biyun ƙarshe muka bi su a hankali cikin yayyafi, rigata ta jiƙe sharkaf, ban ma ji ba.

Ba mu zo na ɗaya ba. Wasu ma'aurata da ke zaune a garin, masu buga filin kullum, sun fi mu ƙarancin bugu da uku. Mu ne na biyu a cikin ma'aurata goma sha huɗu, kuma mu ne mafi tsufa. Da aka kira mu, Alhaji ya ƙi tashi. Ya ce in je ni kaɗai. Na taka gaban mutane da mayafina, aka miƙo mini kofin gilashi, na ji ana tafi. Na koyar shekara talatin da biyu, an sha yi mini godiya, amma ban taɓa karɓar wani abu da ƙarfin hannuna ya ciwo ba sai ran nan. Na juyo na hango shi tsaye can ƙarshen zauren, ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, ashe ma bai danna ba.

A jirgi a cinyarsa ya riƙe kofin har muka sauka Kano. Tun daga filin jirgi ya fara ba direbanmu labari. Ya ba maƙwabcinmu a ƙofar masallaci, ya ba 'yan'uwansa a Tudun Wada ranar Juma'a, ya kira ɗanmu sau biyu. Na lura a kowane bayarwa tafkin yana ƙara faɗi. A gidan yayarsa ya kai taku ɗari, iska kuma ta zama guguwa.

A mota na ce, "Alhaji, sittin ne fa."

Ya ce, "Ke kika auna, ni kuma na gani. Ki bar ni in faɗi abina."