Golmon Kurmin Baba Manga

Har gobe ba na mantawa da ranar da na tarar da Baba Manga a durƙushe a bakin kurmi, da fartanya a hannu, yana saran ciyawar da ta fi shi tsawo. Ku da kuka shigo aikin daji kwanan nan, ku matso ku ji.

Lokacin ina malamin daji a shiyyar Zuru. Aikinmu idan damina ta ɗauke shi ne sharar wuta: a nome ciyawa kewaye da gandun dajin gwamnati, a bar fili fetal, yadda in wutar maharba ta taso za ta rasa abin ci ta mutu. Akwai wani ƙauye a gindin dutse ta hanyar Ribah, yana da kurmin da ba ya cikin taswirarmu. Na kakanninsu ne, gatari ba ya shigarsa. Itatuwan maɗaci da kanya da kawo sun haɗe sama, birai da zabin daji suna sha'aninsu, kuma daga cikinsa idon ruwan da ƙauyen ke sha yake fitowa. Gandunmu mai allo da turaku kusan kowace shekara sai ya sha wuta, amma wannan kurmi ko baƙin toka ban taɓa gani a gefensa ba. Baba Manga ne mai riƙonsa.

Na kafe babur na ce, "Baba, lafiya? Ina matasa?"

Ya ɗago yana haki. "Malamin daji, 'ya'yana mata sun ƙare."

Sai da ya zauna ya warware mini. A al'adar Lelna, ƙabilar su Baba, akwai golmo: saurayi da abokansa su yi wa uban yarinya noma shekara da shekaru kafin a ba shi ita. To a gidan Baba, tun kakansa, sharar bakin kurmi tana cikin golmon. Duk mai son 'yar gidan sai ya kewaye kurmi da fartanya bayan yankan dawa. Autarsa kuwa ta yi aure da bazara, mijin ya tafi da ita bariki. Babu budurwa, babu 'yan golmo, ga ciyawa ta bushe ƙayau, ga hayaƙin maharba ya fara tashi a bayan dutse.

Wallahi tausayi ya kama ni. Na koma ofis na sami shugaban shiyya.

"Ranka ya daɗe, a ba ni leburori ko na yini ɗaya."

Ya girgiza kai. "Na san kurmin, na sha ruwansa. Amma leburorinmu na gandun gwamnati ne. In suna so, su miƙa shi a mai da shi gandu."

Na san abin da hakan ke nufi. Ran da aka kafa allo, Baba da kansa sai ya nemi izini kafin ya shiga wurin kakanninsa. Ban ma kai masa wannan maganar ba.

Washegari na ari fartanya na koma. Ni da tsoho muka duƙa. Kafin rana ta take hannuna ya yi bororo, abin da muka nome kuwa bai kai shimfiɗar tabarma goma ba. Muna cikin haka babbar 'yarsa, Mama Saratu, ta zo ɗiban ruwa. Ta ajiye tulu ta riƙe ƙugu.

"Baba! Kai da baƙo? Mazan da suka kwashe mu sun mutu ne?"

"Sun gama golmonsu, Saratu. Ba na bin su komai."

"Kai ne ba ka bin su. Ruwan da suke sha fa?"

Ta juya ko ruwan ba ta ɗiba ba. Daga baya na ji ta bi ƙannenta gida gida, ta nesa ta kira ta a waya, suka yanke magana: ranar Asabar ba a hura wuta a murhun kowa sai an kewaye kurmi.

Ku zo ku ga Asabar! Surukan Baba suka fito, duk furfura. Mijin Saratu, Sajan Ishaya, tsohon soja, ya zo da gwiwarsa ɗaure da ƙyalle yana mita. Ga dattijon coci, ga wani mai shago a Zuru da hularsa da carbi, kowa ya jawo 'ya'yansa maza da abokan golmonsa na dā.

Sajan ya ce, "Ni na biya nawa tun kafin in shiga soja. Yanzu kuma wa za a ba ni?"

Saratu ta ce, "Ni za a bar maka. In ba ka so, ka faɗa."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ɗauko waƙar golmo da yarensu na C'lela, tsofaffin nan suka jera kafaɗa da kafaɗa, matan suna biye da kunu suna yi musu tsiya. Ban ji ko kalma ɗaya ta waƙar ba, amma ƙwalla ta cika mini ido. Kafin la'asar mun haɗe da'irar.

Ba a yi sati ba wuta ta sauko daga dutse. Ta cinye karan gonaki, ta iso bakin sharar, ta yi ta huci har ta mutu. Ko ganye ɗaya na kurmin bai ƙone ba.

Da na je dubawa, Baba ya kama hannuna yana shafa inda ya fashe. "Malamin daji, ka yi mini golmo, ga shi ba ni da 'yar da zan ba ka."

Saratu ta ce, "Akwai saura ɗaya, Baba." Ta nuna kurmin da baki.

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Haka ne. Ita ce ban aurar ba. Ka riƙe ta amana."

Abin da na koya ke nan, samari. Kafin ku kafa allo a dajin mutane, ku tambayi wa ke share bakinsa, kuma don me. In dalilin ya fara lalacewa, shi za ku taya su gyarawa, ba ku karɓe dajin ba.

Baba Manga ya rasu, ni ma na yi ritaya. Amma duk shekara in an yanke dawa sai wayata ta yi ƙara, in ji muryar Mama Saratu: "Surukin Baba, ciyawa ta bushe." Sai in ɗaura fartanya a babur.