Shafukan da Sitti Ta Ɗinke

A gidanmu na unguwar Sa'alaba, a ƙasar Makka, da an idar da sallar magariba sai mu hau soro, don ɗakunan ƙasa ba su zaunuwa saboda zafi. Kakata, wadda muke kira Sitti irin na 'ya'yan Larabawa, takan hura gawayi a kasko ta ɗora butar shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take kira maigidanta, kuma ni ta fi yi wa tsiya, wai miji ne da bai san cefane ba sai miƙa kwano.

Tatsuniyarta mafi ban tsoro daga littafi ta fito, alhali ko baƙi ɗaya ba ta sani ba na boko. Babanmu direba ne a Madinar Masana'antu, wato unguwar kamfanoni, kuma da Baturen da yake tuƙawa zai koma ƙasarsu, ya bar masa kwali guda na littattafan 'ya'yansa. Duk gidan mun ɗauka Turanci ne, sai da na kai ɗaya makaranta. Malamin Turanci ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce shi dai bai san wannan yaren ba.

Sitti ba ruwanta da rubutu, hotuna take bi da yatsa. Akwai wani mai shuɗin bango, da 'yan mata biyu, da kwalekwale, da dogon mutum riƙe da fitila a bakin teku. Shi takan ɗauko.

"Ga ta nan, ku matso," takan ce. "Wannan ba a jin ta daga nesa."

Wai ya da ƙanwa ne suka zo haye teku. Mai jirgi ya ce saura gurbin mutum ɗaya. Yar tana riƙe da hannun ƙanwarta, sai mai fitila ya ce ta sakar masa ita, zai sako ta a jirgin baya. Hannun yar ya yi gumi, ga gajiya, ga mutane na turo ta, sai ta saki. Jirgi ya tashi, tana kallon fitilar tana ƙanƙancewa har ta koma kamar ƙwayar gero, sannan ta ɓace.

A nan take tsayawa kullum. In na tambaya ko jirgin bayan ya zo, sai ta ce in sha shayina. Shafukan ƙarshe kuwa ta ɗinke su da baƙin zare, ta ce duk wanda ya farke ba ta yafe ba. In ta tafi da mu kasuwar Bab Makka sayen yadi, riƙon da take yi wa hannuna har shati yake bari.

Na girma da tambayar a raina. Bayan na kama aiki a wani sito, na gano yaren Welsh ne, na mutanen Wales, sai taurin kaina ya motsa: da idona zan karanta. Na fara da ƙananan littattafan kwalin, na yara masu shiga kogo neman dukiya, ina tsintar kalma ɗaya-ɗaya da ƙamus a waya. Môr teku, cwch kwalekwale, chwaer 'yar'uwa. Abokan aiki suka yi ta dariya, wai shi wannan Welsh ɗin zai sabunta wa wa iƙama, takardar izinin zama? Shekara biyu ina rarrafe kafin in iya karanta mai shuɗin bangon har bakin ɗinkin.

A lokacin Sitti ta kwanta ciwo, ko shayi ta daina sha. Tsoro ya kama ni kada ta tafi ba ta ji ƙarshen ba. Na sa reza na yanke zaren. Ashe mai fitilar mai gadin gaɓa ne, mutumin kirki, kuma ya kawo yarinyar gida lafiya.

Na shiga ɗakinta da murnata na gaya mata. Ta juyo ta dube ni.

"Kwana nawa ta yi, maigida?"

"Uku, Sitti."

"Tawa ta haura shekara saba'in. Hanne sunanta."

A gaɓar Sudan ne ta saki hannun ƙanwarta, a hanyarsu ta zuwa Hajji, ita tana 'yar shekara tara. Ta ce ko da ta ɗinke shafukan ba ta duba su ba. Da ta ga yarinyar ta dawo, da baƙin ciki ya kashe ta, da kuma ta ga ba ta dawo ba, da ta daina jira. Daga nan ta juya ta fuskanci bango, ta ce halas, ya isa, in ja mata ƙofa.

Watan bai ƙare ba ta rasu. Ban tambaye ta ko ta yafe ba, ita ma ba ta faɗa ba, kuma abin yana cina har yau. Na je na koyi yaren mutanen da ban taɓa taka ƙasarsu ba don in gane labari, alhali da Hausa aka ba ni shi tun ina ɗan shekara bakwai, ban ji ba.