Jakar da ba ta bar wa goyo wuri ba

Ana idar da sallar asuba muka bar Tasawa, ni da jikanyata da abokiyar sana'arta. Su biyun nan sun buɗe ɗan kamfani na ɗinka jakunkunan tafiya. Yadi mai kauri da fata duk an sayo, teloli uku na jiran a ce su yanka. Sai dai kafin yanka suka ce za su zagaya kasuwanni da jaka huɗu na gwaji, a ji bakin mutane. Jikanyar tawa ta riga ta faɗa mini: in abin bai karɓu ba, rufewa za ta yi ta tafi Yamai neman aikin biro, wato na ofis. Ita kaɗai ta rage mini a gida. Shi ya sa na ɗauki mayafina na bi su.

Ban shiga lakwal na yi boko ba, amma shekara arba'in na yi ina auren baduku. Tun a tasha na juya jakar, na ja ɗinkin da ƙarfi, na ja zif. Ban sami aibi ba. Irin wadda ake goyawa ce, mai igiya biyu.

Hanya ta ci mana ƙugu. Direba ya tsaya sau biyu shan esansi, man mota na kwalba, kowane karo da ƙorafin tsada, kamar mu muka ƙara kuɗin. Hatsi ya yi kai a gonaki, wake na yaɗo. A Kanan-Bakashe muka sha furar dala ashirin, nonon ya ji ruwa, na kuma gaya wa mai ita.

Nan suka baje jakunkuna. Mata suka taru, kowa na shafawa tana yabawa, ba mai tambayar kuɗi. Wannan shirun bai yi mini ba. Can wata mai daddawa, da yaro a bayanta, ta ɗaga jakar ta ce, "To ɗiyata, in na goya wannan, shi kuma malam in rataye shi ina?" Aka fashe da dariya. Ta ɗora ta a ka, jakar ta sulale, don gindinta tsukakke ne, igiyoyin kuma suka rufe mata ido.

Ni ban yi dariya ba. 'Ya'ya tara na goya a bayan nan nawa, amma ɗinki na tsaya dubawa, ban tuna bayan mace yana da mai shi ba. Yara sun kwaikwayi abin da suka gani a waya, ni kuwa da me zan kare kaina?

A Mayahi muka kwana wajen dangi. An kawo tuwon hatsi da miyar kuka, jikanyar tawa ba ta taɓa ba. Ta ce, "Kaka, mu koma kawai." Na ce, "Kin fito jin bakin mutane, sun buɗa baki sau ɗaya za ki gudu? Wanke hannu ki ci."

Washegari kabu-kabu ya kai mu Gidan Amumune, yashi har idon sawu. Na hana su baje kaya. Na zaunar da su bakin kasuwa na ce su kalli mata kurum. Masu shigowa daga ƙauyuka, da matan makiyaya da ƙoren nono, kowacce kaya a ka bisa gammo, goyo a baya, hannu ɗaya riƙe da wani yaron ko igiyar akuya. Abokiyar jikanyar tawa ta fara zane a takarda.

Na sayi faifai, na ari basilla wajen wani baduku. Na farke igiyoyin biyu, na buɗe gindin jakar na ɗinke faifan a ciki, na haɗa igiya ɗaya doguwa wadda za a rataya a gefe ƙarƙashin hijabi. Aikin bai yi kyau ba, idona ba na da ba ne. Muka ba wata mai goyo, ta zuba kayanta ta ɗora a ka, ta je bakin rijiya ta dawo hannunta bai taɓa jakar ba. Da aka ce ta sauke sai ta ce, "A'a, Hajiya, faɗi kuɗinta dai."

Mun iso Tasawa bayan la'asar. Jikanyata ko gida ba ta shiga ba, ta wuce wajen teloli ta ce kada kowa ya sa almakashi. Ta goyo za a yi kaɗan, don 'yan lakwal da masu babur. Sauran yadin na mai faɗin gindi ne.

Abin da na koyo shi ne, kafin ka auna yadi, je ka ga jikin da zai ɗauki kayan da abin da ya riga ya ɗauka. Na tsufa a cikin sana'ar nan, sai da mai daddawa ta tuna mini.

Da safe yarinyar ta leƙo ɗakina ta ce in ba ta basillar marigayi kakanta, za ta kai shago. Na ce basillar ba ta fita sai da ni. Ta ce ai dama ta sa an shimfiɗa mini tabarma can. Zancen Yamai ba ta sake ɗaga shi ba, ni ma ban tambaya ba.