Ƙullin Ƙasar Da Ya Kusa Raba Babana Da Limanci

Edita, sallama gare ka da duk masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina cewa Allah sarki, to yau ga nawa, kuma in kun yi dariya ba zan ji haushi ba, don ni ma yanzu dariya nake yi. Lokacin da abin ya faru ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun ƙarafa da tace ma'adinai. Ni ce macen farko da ta kai nan a ƙauyenmu da ke gefen Bagwai, kuma gaskiya kaina ya ɗan kumbura. Babana shi ne limamin masallacin unguwarmu, wanda ke manne da zauren gidanmu. Mutum ne mai sanyin hali, amma shi ya tsaya kai da fata na yi karatun nan, lokacin da 'yan'uwansa ke cewa ina mace ina aikin maƙera.

Malamin da ke duba aikina ya ce in bincika ko ƙasar yankinmu tana da tama, wato irin ƙasar da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Ƙa'idar aikin ita ce a kowane fili a haƙa a ɗebi ƙasa a kusurwa huɗu da tsakiya, a ƙulla kowace daban, a yi wa ramin alama. Na zo gida da bazara ina ta rawar kai. Da yake ba na son rana, kuma ba na son tambaya, sai nake fita da an idar da sallar asuba. Na fara da gonarmu. Kun san gonakinmu, gona na jikin gona, ɗan layin gamba ne kawai iyaka, don haka da na gama sai na tsallaka gonar maƙwabcinmu, wani dattijo abokin Baba tun suna makarantar allo. Ban tambaye shi ba. A ganina mene ne abin tambaya a kan tafin ƙasa? Na ƙulla a baƙar leda, na kafa tsinke a kowane rami, na ɗaura masa ƙyallen wani tsohon jan ɗankwalina don in gane wurin. A gida kuma na shanya, na daka a turmi, na tankaɗe da rariya, na shige ɗaki na rufe ƙofa saboda kaji, ina auna kowane ƙulli ina motsa baki da lissafi.

Duk wanda ya tashi a ƙauye na san ya riga ya riƙe baki. Ni 'yar liman ce, a cikin garin aka yanke cibiyata, amma wallahi na manta sarai cewa abin da boka ke cewa a kawo masa ke nan in za a kwashe albarkar gonar mutum: ƙasar kusurwa huɗu, da duku-duku, ba tare da mai gona ya sani ba. Ni kuma har da ƙarin jan ƙyalle, don kada aikin ya yi rauni. Ashe yayar maƙwabcin namu, wata tsohuwa mai ido kamar na shaho, ta gan ni ranar da ta fita neman itace. Ta yi shiru abinta. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, geronmu ya tashi kore shar don Baba ya zuba takin awaki. Na maƙwabci kuwa ƙuduji ya kama shi, ya yi rawaya ya tsumbure. Yana noma ya ci karo da tsinke mai jan ƙyalle a kusurwa, ya je ɗaya kusurwar ya ga wani. A nan tsohuwa ta buɗe baki.

Ba wanda ya tari Baba da maganar. A takalma na fara ganin abin. Daga zaurenmu ana hango ƙofar masallaci, inda a da takalma ke cika har bakin hanya, sai na ga kullum suna raguwa, har suka koma ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Aka yi haihuwa a bayan gidanmu, aka ɗauko limamin wata unguwa ya raɗa suna. Rannan Inna ta ja ni ɗaki ta ce in faɗa mata tsakanina da Allah, me nake dakawa a turminta, don gari ya ɗauka cewa liman ne ke tura 'yarsa ɗebo ƙasar gonakin mutane. Na ruga wajen Baba ina kuka, na tarar ashe ya daɗe da ji. Ya ce shi bai taɓa zargina ba, amma na shiga gonar mutum ba sallama, kuma wannan haƙƙi ne. Sannan ya ce in Juma'a ta zo zukatan mutane ba su kwanta ba, zai ajiye limancin, don bai kamata mutum ya ja sallar waɗanda ba su natsu da shi ba. Mutumin da ya gaji wannan wuri daga mahaifinsa, zai bar shi saboda ledojina. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Na roƙi Baba ya kai ni wajen mai unguwa. Aka taru a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, maza a kan tabarmi, mata na leƙe ta saman danga. Na zube ledojina na fara bayani irin na jami'a, ina ta zuba, ba wanda ya gane ko kalma ɗaya. Da na ga haka sai na ce bari in nuna musu da ido. Na baza ƙasar a faifai, na ciro maganaɗisun da na zo da shi daga makaranta, na wuce da shi ta sama. Nan take baƙin garin tamar da ke cikin ƙasar ya yi tsalle ya manne masa, ya miƙe tsaye cirko-cirko. Ai kuwa tsohuwar nan ta rafka salati, ta ce to ga shi nan, ƙasa da kanta tana tashi tana bin yarinya, me kuma ake jira a gani. Wasu har sun fara ja da baya da tabarminsu. Na ce a raina shi ke nan, garin neman gira na rasa ido.

Allah ne ya taimake ni na tuna maƙwabcin namu mutumin rediyo ne, ba ya rabuwa da ita ko a gona. Na durƙusa gabansa na ce don Allah ya ɗauko mini wata matacciyar rediyonsa. Ya harare ni, amma mai unguwa ya sa baki, dattijon ya tashi ya ɗauko da kansa. Na ce shi zai fasa, shi zai ciro baƙin ƙarfen da ke bayan lasifika, ni ko taɓawa ba zan yi ba. Na ce kuma ya ɗebi ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ba tawa ba. Ya yi bisimilla sau ba adadi, ya kanga ƙarfen a kan ƙasar yana kau da fuska. Baƙin gari ya manne. Ya goge, ya sake, ya sake mannewa. Sai dattijon nan ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi, ya ce ashe duk shekarun nan bokan yana cikin rediyonsa yana kwana da shi a ɗaki. Wuri ya kaure da dariya. Mai unguwa ya karɓa ya gwada. Wani tsohon maƙeri ya ce ai kakansa a bakin gonakin nan yake narka tama, baƙaƙen dunƙulen da garma ke tonowa kashin maƙera ne. Ita kuwa tsohuwa da farko ta ce ko a mafarki, daga baya ta karɓa ta ƙi mayarwa, wai ta sami abin neman allurarta.

Na nemi gafarar maƙwabcinmu a gaban kowa. Ya ce ya yafe, kuma tunda ana faɗar gaskiya, ƙudujin nan ya girme ni a gonar, shi ne bai zuba taki ba. Sharaɗinsa ɗaya, in na auna in zo in faɗa masa yawan ƙarfen gonarsa, don ya sami abin yi wa Baba gori. Da magariba na laɓe a zaure na leƙa. Takalma sun cika har sun hau hanya, ga suɗaɗɗen takalmin robar maƙwabcinmu can gaba a bakin ƙofa. Baba ya tayar da salla. Ni da Inna muka rungume juna, muna kuka muna dariya, tuwo na ƙonewa a kan murhu ba wanda ya kula.

Aikina ya yi kyau, na gama lafiya, yanzu ina aikin binciken ma'adinai, kuma yawon ƙauyuka shi ne rabin aikina. Abin da nake son faɗa wa ƙannena masu irin wannan karatu shi ne, ƙasar da kuke kira samfuri, a wajen mai ita abincin 'ya'yansa ce kuma gadon ubansa. Kada ku shiga gonar mutum a ɓoye ko da cokali ɗaya za ku ɗiba. Ku fara da mai unguwa, ku zauna a tabarma, ku yi bayani da Hausar da kakarku za ta gane, ku fita da rana tsaka, ku bar mai gona ya yi saran farko da hannunsa. Ku tuna kuma in kun yi ɓarna kun koma birni, iyayenku ne za su zauna da ita. Baba har yau shi ke jan salla, ya tsufa, sai an riƙe masa hannu zuwa masallaci. Ni kuwa duk ranar da na je gida, kafin in gaida kowa, sai na tsaya a zaure na duba takalma.